Saƙo a Cikin Bango: Akwatin Ajiyar Tarihi da Gyaran Tsofaffin Gine-gine a Magarya da Dungas

Ranar Talata 3 ga Satumba 2024, ruwan damina ya ci ƙarfin tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da aka yi tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Shekara guda kafin haka, ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na rufin Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masu sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Duk wanda ya san ginin tubali da azara ya san waɗannan biyun ba su ne na ƙarshe ba. Zaurukan fada, tsofaffin masallatai da rijiyoyin tarihi na kudancin jihar Damagaram suna jiran hannun magina, wasu za a yi musu yaɓe, wasu sai an sāke su daga tushe.

Maƙalar nan tana duba wata dama da ke zuwa tare da irin wannan gyara, wadda ba a cika lura da ita ba. Idan aka buɗe bango ko aka tone harsashi, ana iya barin saƙo a ciki domin waɗanda za su sāke buɗe shi bayan shekaru 50 ko 100. A Turai da Amurka al'adar ta daɗe, kuma sau da yawa a gindin gumakan tsakiyar gari ake samun akwatunan. Garuruwan Hausa ba su saba kafa gunkin mutum a dandali ba, addini da al'ada ba su ba da wannan hanya ba. Abin da ke tsaye a matsayinsa shi ne ƙofar fada, hasumiya, ganuwa da rijiya. Matsayin maƙalar shi ne cewa gundumomin Magarya da Dungas suna da dalili mai ƙarfi na ɗaukar wannan al'ada, da sharaɗin a yi ta a bainar jama'a, a zuba maganar talakawa a ciki, a kuma bar asalin takardu a sama inda ido zai iya kaiwa gare su.

Abin da aka samu a gindin gumaka

A watan Disamba 2009 ma'aikata suna gyaran dandalin da ke gaban majalisar dokokin Sifaniya a Madrid, suka ɗaga gindin gunkin marubuci Cervantes, sai ga akwatin darma a rufe ruf. An binne shi a 1834. Da aka buɗe, sai aka tarar da wani akwatin gilashi a cikinsa, ɗauke da mujalladi huɗu na shahararren littafin marubucin bugun 1819, da kwafin dokar tsarin mulki ta 1834, da jaridun gwamnati, lambobin girma da hotunan sarauniya. Takardun sun fito lafiya lau bayan shekaru 175, saboda an like darmar da kyau kuma an shafe kayan da maganin ƙwari. Wannan aikin masu sanin abin da suke yi ne, amma abin da suka ajiye kayan fada ne daga farko har ƙarshe.

Na Boston a Amurka ba a ƙasa yake ba. A saman tsohon ginin majalisar dokokin jiha da ke birnin akwai gunkin zaki na tagulla, kuma a cikin kansa aka ɓoye akwati a 1901. Mutane sun manta da shi sarai. Wasiƙar da wata daga zuriyar ɗaya daga cikin masu aikin ta aika, da wani labari na tsohuwar jaridar birnin, su suka sa aka leƙa cikin kan zakin da ƙaramar kyamara. A 2014, da aka sauke gunkin domin gyara, aka ciro akwatin da wasiƙu da hotuna da yankakkun jaridu a bushe, tsaf. Kafin a mayar da zakin sama aka saka masa sabon akwati, har da wayar iPhone a ciki. Ko za a sami mai iya kunna wannan waya a 2114, wannan wata magana ce, kuma za a dawo kanta.

Labarin Richmond, babban birnin jihar Virginia, ya fi ɗaci. A 1887 aka aza harsashin gunkin Janar Robert E. Lee, jagoran sojojin Kudu da suka yi yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 domin bautar da baƙar fata ta ɗore. Bayan zanga-zangar da ta biyo kisan George Floyd a 2020, aka sauke gunkin ranar 8 ga Satumba 2021. Wata jarida ta 1887 ta riga ta lissafa kaya kusan 60 da mutanen gari suka bayar domin akwatin da aka binne a harsashin, shi ya sa aka dage da nema. Aka fara cin karo da wani ƙaramin akwatin darma da magina suka bari, sannan a ƙarshen Disamba aka sami na gaskiyar, na jan ƙarfe, zaune cikin ruwa a ƙarƙashin harsashi. Littattafai da jaridu sun sha laima, ko da yake ana iya karanta su. Kayan ciki kuwa yawancinsu tsarabar ɓangaren da aka ci da yaƙi ne: kuɗinsu, maɓallan rigunan sojojinsu, harsasai. Baƙaƙen fatar birnin, waɗanda yawansu ba kaɗan ba ne a lokacin, ba a nemi jin ta bakinsu ba. Akwatin ya faɗi gaskiya game da waɗanda suka cika shi, ya yi shiru game da maƙwabtansu.

Wanda ya fi dacewa da ƙauyukan kwarin Korama na kudancin Damagaram shi ne mafi ƙanƙanta. A 2017 masu gyaran wani gunkin katako na coci daga garin Sotillo de la Ribera, a lardin Burgos na Sifaniya, suka sami takarda biyu rubutun hannu a cikin kogon gunkin. Wani limamin coci mai suna Joaquín Mínguez ne ya rubuta su a 1777. Bai cika su da kirarin manya ba. Ya ambaci sarkin zamanin, sannan ya shiga abin da ake nomawa, alkama da sha'ir da inabi, da irin zazzaɓin da ke damun mutane, da wasannin da ake yi. Mutum guda da alƙalami ya bar wa garinsu abin da masana tarihi ke nema ruwa a jallo. Abin da aka yi da takardun ma abin koyi ne: aka kai asalinsu ma'ajiyar tarihi, aka mayar da kwafi cikin gunkin.

Binne abu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

Ba Bature ne ya koya wa Bahaushe saka rubutu a harsashi ba. Kafin gari da kafin gida da kafin kasuwa tsofaffin al'adu ne. Malam zai rubuta laya, a naɗe, a zuba a tukunya ko ƙaho, a binne a tsakiyar wuri da kusurwoyinsa ko a bakin ƙofa. Masanin Faransa Guy Nicolas ya bayyana yadda ake yin haka a ƙasar Maraɗi. A Damagaram labarin baka yana cewa sa'ad da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, an gina Alƙur'anai a cikin jikinta domin kada maƙiyi ya fasa ta. Amma kafi ba a yin sa domin a karanta. Ƙarfinsa yana cikin rufuwarsa, kuma wanda ya tone shi ana kallonsa a matsayin mai neman karya gari.

Littafin Tarihin Kano ya adana labarin abin da ke faruwa idan aka buɗe abin da ba a sa wa ranar buɗewa ba. Dirki Alƙur'ani ne da aka naɗe cikin fata, kuma Tarihin Kanon ya danganta farkonsa da zamanin Sarki Muhammadu Zaki, a ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 17. Sarakuna suka riƙa yi masa yanka, fata na hawa kan fata, har ƙunshin ya fi abin da ke cikinsa kwarjini. Da Muhammadu Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya hau, hakimai suka nemi shanu 40 domin Dirki. Ya fusata, ya sa samari suka sare shi da gatura, sai ga Alƙur'ani kyakkyawa. Jama'a suka ɗauki abin a matsayin alamar za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da littafin, kuma ba a daɗe ba masu jihadi suka kore shi daga Kano. Ko mutum ya yarda da wannan fassara ko bai yarda ba, labarin ya nuna cewa a ƙasar Hausa buɗe abin da magabata suka rufe lamari ne na siyasa da addini, sai an shirya masa tun ranar rufewa.

Daga nan sharaɗi na farko ya fito. A Magarya ko Waca, in aka ga jami'ai sun binne akwati a ƙofar fada da daddare, ko da rana amma ba wanda ya ga abin da ke ciki, kafin sallar Isha'i labari ya gama gari cewa an yi wa mutane asiri. In ba a ce asiri ba, a ce zinariya ce, kuma masu tono ba sa jiran shekara 50. Nijar ta ga irin wannan a Bura, a yammacin ƙasar, inda masani Boubé Gado ya yi binciken kimiyya a 1983, daga baya kuma masu neman abin sayarwa suka yi wa maƙabartun yankin kaca-kaca. Maganin duka biyun ɗaya ne. A yi shela, a taru da hantsi, a ɗaga kowane abu sama a faɗi sunansa, liman da malaman gari suna zaune, rediyon al'umma yana watsawa, a kuma bayyana cewa duk kuɗin da ke ciki bai isa sayen tiyar hatsi ba. Ayoyin Alƙur'ani kuwa a bar su a gafaka da masallaci, kada a saka su, domin kada a rikita wannan aiki da kafi, kada kuma ruwa ya taɓa su.

Dalilin da ya sa yankin nan ya fi buƙata

Tarihin Magarya da Dungas a warwatse yake. Bayan jihadi ya ci Daura a farkon ƙarni na 19, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafa sarautu a Zango da Baure, wani reshe kuma ya zauna a Magarya, dukansu a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Dungas da Waca suna cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki tare da Mirya. Sai Faransawa suka ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, Ingilishi suka mayar da gidan Haɓe kan karagar Daura a 1906, hukumar Tilho da O'Shee kuma ta bi iyaka tana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Dangi suka wayi gari a ƙasashe biyu. Wanda ke son sanin labarin Magarya yau sai ya nemi littafin M. G. Smith kan Daura na 1978 da Ingilishi, da na André Salifou kan Damagaram na 1971 da Faransanci, da na William Miles na 1994 wanda ya kwatanta Yekuwa ta Nijar da 'Yardaje ta Najeriya. Rahotannin kwamandojin mulkin mallaka suna Yamai, Dakar da Faransa. Littattafan nan masu amfani ne ƙwarai, amma babu ɗaya da aka rubuta da harshen mutanen da ake magana a kansu.

Ga kuma yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta sami mutane fiye da 570,000 a gundumar Magarya da fiye da 350,000 a ta Dungas, wadda aka yanke daga Magarya a 2011. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ma'ana, masu riƙe da labarin baka 'yan kaɗan ne a tsakiyar taron yara, kuma duk tsohon da ya kwanta dama yana tafiya da sunayen gonaki, rijiyoyi da burtali waɗanda ba a taɓa rubutawa ba.

Wannan zamanin ma ba ƙaramin abin faɗa yake da shi ba. Mutumin Dungas mai kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga an rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ya sāke ganin an rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ga yadda naira ta faɗi a gaban sefa har lissafin ciniki ya juye. A 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Jaridun Yamai sun rubuta abin da gwamnati ta ce game da duk waɗannan. Abin da ba a rubuta ba shi ne nawa aka sayi buhun gero a Bande a watan da aka rufe iyaka, da ta wace hanya aka riƙa shigo da magani.

Abin da za a saka

Jarabawar da kowane kwamiti zai fuskanta ita ce cika akwatin da jawabin gwamna, hoton kantoma da jerin sunayen waɗanda suka ba da gudummawa. A saka su, suna da gurbinsu, amma kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Jerin sarakunan gari kamar yadda maroƙan fada ke jero shi ya cancanci shafinsa, tare da ruwayar da ta saɓa masa in akwai. Sunayen magina, masu kwaɓa ƙasa, masu ɗebo ruwa da masu dafa wa ma'aikata abinci ma haka. Faransawa sun yi wannan a Disamba 2023, da suka ɗora sabon zakaran ƙarfe a ƙololuwar cocin Notre-Dame na Paris bayan gobarar 2019: sun saka takarda mai sunayen ma'aikata kusan 2,000 a cikinsa.

Sauran wurin na mutanen gari ne. Manomin rake a fadamun Korama ya faɗi zurfin da ake tona rijiya kafin a tarar da ruwa bana, da yadda yake a zamanin mahaifinsa. Mai ƙuli-ƙuli ta faɗi mudu nawa na gyaɗa ke ba ta kwalbar mai. Ungozoma, mahauci, ɗan kabu-kabu, almajiri da Bafulatanin da ke bi da shanu ta burtali, kowa a ba shi shafi ɗaya, ɗaliban sakandare su rubuta daga bakinsa ba tare da gyara masa magana ba. A rubuta farashin kasuwa na mako guda da sefa da naira, a saka dala da 'yan sulallan ƙasashen biyu. A ƙirga itatuwan gawo na gona ɗaya, a zana taswirarta. Wannan na ƙarshe yana da nauyi na musamman, domin manoman Magarya, Matamai da Mirya sun yi suna a duniya wajen barin gawo ya tsiro a gonaki tun daga shekarun 1980, har masu bincike daga ƙasashe da dama suke zuwa gani. Jikokinsu za su so sanin ko dajin ya ƙaru ko ya ragu, kuma ƙidayar gona ɗaya mai suna da iyaka ta fi musu amfani a kan yabo.

Akwai abin da za a so a ɓoye, kuma nan ne darasin Richmond yake aiki. Tun 2005 likitocin ƙungiyar MSF suke aiki a asibitin Magarya, inda sashen yara ke cika maƙil duk damina saboda tamowa da zazzaɓin cizon sauro. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, mafi yawansu daga Kance, maƙwabciyar Magarya, sun fita neman abinci. Saƙon da ya tsallake waɗannan ya yaudari wanda aka rubuta wa. Uwar da ta yi jinyar ɗanta a wannan asibiti tana da haƙƙin shafi daidai da na hakimi, kuma in ta fi so a sakaya sunanta.

Abin da ba za a saka ba shi ne asali. Tsohon kundin ajami na gidan liman, wasiƙar sarki mai hatimi, takobi ko tambari, babu wanda ya kamata ya shiga bango. Binne su hana mutane biyu ne: ɗalibin yau ba zai gani ba, na gobe kuma mai yiwuwa ya tarar da gara ta riga shi. Wurinsu gidan masu su ne, a ɗauki hotonsu, a kai kwafi sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda ya tsiro daga tarin littattafan Bubu Hama, da kuma Jami'ar André Salifou ta Damagaram.

Ruwa, gara da mantuwa

Kudancin Damagaram ba hamada ba ce. A kwarin Korama ruwa yana kusa da fuskar ƙasa, shi ya sa rake da rogo suke yi, kuma shi ya sa rami ba wurin ajiyar takarda ba ne. Kwatanta Boston da Richmond ya isa hujja: na sama ya fito a bushe, na ƙasa ya fito a jiƙe. A ginin ƙasa, wurin da ya dace shi ne alkuki a cikin bangon zaure daga ciki, sama da tsayin mutum, nesa da indararo, a shimfiɗa masa dutse ko siminti a ƙasa saboda gara, a toshe bakinsa da tubali a shafe. Magini ya san bangon da ke shan ruwan gabas da wanda ba ya sha, shi za a tambaya kafin injiniya.

Akwatin kansa ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na jan ƙarfe, a like bakinsa yadda iska ba za ta shiga ba. Kwanon rufi da tsohuwar gwangwani ba za su kai ba. A rufe shi da rani, cikin Fabrairu ko Maris sa'ad da iska ta bushe ƙarau, ba a cikin Agusta ba, domin laimar da aka kulle tare da takarda ita ce ke cin ta. Manomi ya riga ya san wannan daga ajiyar iri: sai ya bushe sarai ake zuba shi a tukunya da toka a liƙe baki da laka. A cire ƙusar maƙala takardu da roba mai ɗaurewa, ɗaya tana tsatsa ɗaya tana narkewa. Rasiɗin da injin kanti ke fitarwa yana gogewa cikin 'yan shekaru, bairo ma yana kodewa. Fensir yana daɗewa. Tawadar malamai ta gawayi da ƙaro ba ta kodewa, ga kundaye masu shekaru ɗaruruwa suna shaida, sai dai ruwa kaɗan yana wanke ta, don haka a naɗe abin da aka rubuta da ita daban. In za a saka zangarniyar gero ko ƙwayar riɗi, a zuba a kwalbar gilashi mai murfi, kada ƙwaro ya fito daga cikinsu ya bi takardu.

Batun wayar Boston ya shafi kowa a nan, domin abin da zai fara zuwa ran matasa shi ne a ɗauki bidiyo a zuba a memori. Katin memori yana rasa abin da ke cikinsa in ya daɗe ba a sa masa wuta ba, kuma ko bai rasa ba, na'urar karanta shi za ta ɓace. Wanda ke da kaset na waƙoƙin shekarun 1980 a gida ya san wahalar samun rediyon da zai juya shi yau. A ɗauki muryoyin, a ba wa gidan rediyo da jami'a su riƙa sabunta ajiyarsu, amma abin da zai shiga bango ya zama takarda da hoto bugagge. A rubuta da boko da ajami, a ƙara taƙaitawa da Faransanci, a sa kwanan wata na Hijira da na Miladiyya.

Mantuwa ta fi ruwa da gara ɓarna. Ƙungiyar da aka kafa a Jami'ar Oglethorpe ta Amurka a 1990 domin rajistar irin waɗannan akwatuna ta daɗe tana gargaɗin cewa mafi yawansu ɓacewa suke yi, saboda waɗanda suka san wurin sun mutu ko ginin ya tafi. Gini kuwa yana tafiya da sauyin gwamnati kamar yadda yake tafiya da ambaliya. A Kano an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya, aka sāke gina ta da siminti, kuma shataletalen da aka gina a gaban gidan gwamnati a 2017 domin cikar jihar shekara 50 an baje shi a Yuni 2023. A Yamai, a Oktoba 2024, aka cire hoton Monteil, sojan Faransa mai yawon bincike, daga dandalinsa aka sa na Thomas Sankara. Wannan dalili ne na fifita zauren fada ko harabar masallaci a kan shataletalen da wani magajin gari ya gina da sunansa. Ginin da jama'a ke yi wa yaɓe da hannunsu duk shekara ya fi tsawon rai a kan wanda ke jiran kasafin kuɗi.

Wa'adin ma kada a zarce. Amurkawa sun rufe wani a bikin baje kolin New York na 1939 suka ce sai 6939, abin da ya fi kama da tallar kamfani. Shekara 50 ta wadatar. Yarinyar da ke aji shida a makarantar firamare ranar rufewa za ta kasance 'yar shekara 60 da 'yan kai ranar buɗewa, tana iya nuna bangon da yatsa ta ce a gabanta aka yi. Saboda haka a zaɓi yara daga kowace unguwa, maza da mata, a rubuta sunayensu a matsayin shaidu, a ba kowannensu takarda mai ɗauke da wurin da shekarar.

Rajistar kuma ta zama kwafi huɗu masu jerin duk abin da aka saka da hoton kowane shafi: ɗaya a fada, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a jami'ar Damagaram, ɗaya a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai. Ga Magarya ya dace a aika da na biyar fadar Daura, tunda gida ɗaya ne. A jikin bangon a kafa ƙaramin allo na dutse ko tagulla da ke faɗin shekarar rufewa da ta buɗewa da waɗanda ke da ikon buɗewa, wato sarki, liman da magajin gari na lokacin, su uku tare. A rubuta a rajistar cewa in bangon ya faɗi ko aka tashi sāke ginin kafin wa'adi, za a ciro akwatin a gaban shaidu, a duba lafiyarsa, a mayar da shi cikin sabon bango ba tare da an fasa liƙinsa ba. Kuɗin aikin gaba ɗaya, daga maƙeri zuwa takarda da wankin hotuna, ba shi da yawa, kuma kowace daga cikin ƙananan hukumomi 11 na gundumomin biyu tana iya ɗaukar nauyinsa daga aljihunta ba tare da jiran wata ƙungiyar agaji ba.